Ƙullin Gamba a Ramin Kyarkeci

Lahadi, 8 ga Disamba

Yau na ga abin da ban taɓa gani ba, kuma ban gaya wa kowa ba. Ko matata Furera, da ta tsare ni da ido tana tambayar me ya hana ni cin tuwonta.

Da hantsi na bi rafin nan da ke gangarowa daga gefen Falgore, ni da karena Duna, ina duba ko gada na saukowa shan ruwa. Sai ga sawu a laka. Kamar na kare, amma ya fi na Duna tsawo, kuma ba na dabba ɗaya ba ne. Na ce kura ce, na sake dubawa na ce a'a. Dila kuwa bai kai haka ba. Duna da ba ya tsoron uban kowa sai ya maƙale a ƙafata, gashin bayansa a tsaye. Na bi sawun har kusa da wata taura, inda akwai tsohon ramin dabgi. Wari ne ya fara tarbata. Can sai ga kai ya leƙo. Kunnuwa manya zagayayyu, baki baƙi wuluk, jiki dabbare-dabbare, baƙi da fari da ruwan ƙasa, kamar rigar da ta sha faci.

Kyarkeci ne. Wanda Baba ke ba mu labarinsa muna yara, yana cewa rabonsa da shi tun kafin a haife ni.

Na ja Duna muka koma da baya. Kafin in bar wurin na yanko gamba na yi ƙullin gidanmu, gidan Baba Audu, ƙulli biyu da gashin zabo a tsakiya, na ɗaure a reshen taurar. Shi ke nan, ya zama nawa. Dokar mafarauta ce tun kakanni: abin da ka riga kowa gani ka ƙulla masa gamba, ko Sarkin Baka ba ya ɗaga masa gora, sai in ka kwance da hannunka ko ƙullin ya faɗi da kansa.

Talata, 10 ga Disamba

Ba yanzu zan taɓa su ba. Sai ranar gayya, tsakiyar Fabrairu, in mafarautan Kiru da Bebeji da Dangora da Badafi sun cika dajin nan da karnuka da makaɗa. A gabansu zan kwance. Baba yana da kirarinsa na damisar da ya kashe, har gobe makaɗa ba su manta ba, duk da ƙafa ta zaunar da shi a zaure shekara da shekaru. Ni kuwa na doshi arba'in, sunana bai wuce "Isa mai karnuka" ba. To, za a gani.

Juma'a, 13 ga Disamba

An sauko masallaci Mai gari ya tara mu a ƙofar gidansa, wai baƙi daga Kano. Maza biyu da wata yarinya mai tabarau, Husna, ita ce mai bakin. Wai Fulani ne suka ba da labarin wasu karnukan daji masu zane, shi ne suka zo su tabbatar. Ta ce an daɗe ana zaton sun ƙare a wajenmu, a duniya ma saura kaɗan. Ta ce ba ruwansu da mutum. Sadiq na Badafi, wanda ya dawo garinmu da zama tun da ya yi aure, kuma ba a yin magana bai sa baki ba, ya ce, "To Malama, awaki fa? Su ma ba ruwansu da su?" Aka kwashe da dariya. Ba ta ji haushi ba. Ta ce sukan ɗauka wani lokaci, ba za ta yi mana ƙarya ba, amma in daji da nama ba su cika waiwayar garke ba.

Ta tambaya ko wani ya ga sawu. Na tsura wa takalmina ido.

Kuma wai mu kawo karnukanmu a yi musu allura, saboda ciwon haukan da na gida ke kai wa na daji. Allura! Kowa ya san kare in ya sha allura hancinsa mutuwa yake yi, ya koma mai gadin tukunya. Ba da Duna ba.

Alhamis, 19 ga Disamba

Sun ɗaɗɗaure wasu 'yan akwatuna a bishiyoyin bakin rafi, wai da kansu suke ɗaukar hoto in abu ya gifta. Mutanen birni da rashin aikin yi.

Asabar, 21 ga Disamba

Na je duba ƙullin, na bar Duna a gida. Na hau dutse ta inda iska ba za ta kai musu warina ba. Ashe da 'ya'ya a ramin. 'Yan kwikwiyo baƙaƙe, kai ya fi jiki, suna ta faɗuwa a kan juna. Manyan na ƙirga bakwai. Abin da ya ba ni mamaki kukansu, ba haushi suke yi ba, wani tsiwirwiri ne kamar na tsuntsaye. Ɗaya gurgu ne, ƙafar baya ta lanƙwashe, da ganin tabon ka san tarkon waya ne. Da suka shige na sauko na sake sabon ƙulli, na farkon ya fara sakwarkwacewa.

Na daɗe a kan dutsen nan fiye da yadda na yi niyya. Mafarauci ai dole ya san halin abin da zai kashe.

Asabar, 28 ga Disamba

Yau na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma ba wanda ya san na ji ta.

Husna ta yi sallama a gidanmu, ta durƙusa ta gaida Baba, sannan ta ce da ni take son magana. Ta buɗe kwamfutarta. Sai ga ni! Ni ɗin nan, na ɗaga kai, harshe a waje, ina fama da gamba a reshen taura. Ashe akwai akwatinsu a kanyar da ke kallon ramin. Na ce yau kashina ya bushe, sai ma'aikatan gandun daji.

Sai kawai ta ce, "Malam Isa, Allah ya saka da alheri. Mun lura tun da ka sa alamar nan ko masu itace ba sa kusantar wurin. Ashe kai ka riga mu fara killace su, ka yi shiru."

Me zan ce? Na ce amin. Har da cewa ba komai, yi wa kai ne. Furera na bayan zana tana jinmu, da baƙuwa ta tafi ta ce, "Yau kuma kai ne mai killacewa?" Na ce ta kawo mini ruwa.

Litinin, 6 ga Janairu

Sadiq ya ga ƙullin, ya ga sawun, kafin azahar gari ya ɗauka. Sarkin Baka Idris ya aiko kirana. Na zaci faɗa zai yi don na ɓoye masa, sai na tarar da shi baki har kunne. Ya ce gayyar bana sai an yi shekaru ana labarinta, zai ƙara aika goro har Tudun Wada da Doguwa. Sadiq yana gefe yana sakace. Ya ce shi dai kullum zai riƙa bi ta wajen taurar nan, gamba ai ciyawa ce, takan faɗi.

Lahadi, 12 ga Janairu

Na dawo daga lambu na tarar da Husna zaune a zaure gaban Baba. Da ganin fuskarta na san an gama. Ta tambaye shi ne ma'anar ƙullin don ta gaya wa mutanen wasu garuruwa su yi koyi, shi kuma Baba ba ya iya lanƙwasa magana.

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da na fi jin daɗi. Ta ce, "Malam Isa, ashe godiyar da na yi ba a wurinta na ajiye ta ba." Na ce ni ban roƙe ta ba. Ta ce tana iya kiran hukuma, amma ta san ƙarshen wannan: a kama mutum ɗaya, sati na zagayowa wani ya zuba guba a mushe don haushi, a wayi gari ba ko ɗaya. Ta ce abu ɗaya take roƙo. 'Ya'yan ba za su iya bin manya ba sai wajen watan Maris. In riƙe ƙullin har su iya gudu.

Na ce mata gayya ba ta jiran kwikwiyo. Baba ya bi ni da kallo. Raina ya ɓaci har yanzu, ban san da wa nake fushin ba.

Juma'a, 24 ga Janairu

Bayan la'asar suka nuna hotuna masu motsi na akwatunansu a ajin firamare, aka rufe tagogi da tabarmi. Ban yi niyyar zuwa ba, Baba ne ya ce in ɗora shi a babur, yana son ya gan su kafin ya mutu. Ajin ya cika, mata ta baya, yara a ƙasa, har Fulanin rugar gabas sun zo.

Da farko ihu ake yi da dariya. Sai aka zo wani wuri. Manyan sun fita farauta, an bar gurgun nan shi kaɗai a bakin rami yana gadin 'ya'ya. Can sai ga su sun dawo, baki duk jini, ciki ya cika. 'Ya'yan suka rufe su da tsiwirwiri, su kuma suka riƙa amayo musu nama. Sannan wani babba ya je wajen gurgun, ya sunkuya, ya amayo masa nasa kason. Wani ma ya zo ya ƙara masa. Husna ta ce haka suke, tsoho da majinyaci da gurgu ba ya kwana da yunwa a cikinsu.

Sai na ji muryar Baba: "'Yata, a mayar da wurin nan." Aka mayar. Ya ce a sake. Aka sake.

A al'adarmu in an yi babban kamu, karfata, wato kafaɗar naman, ta tsohon mafaraucin da ya daina fita ce, har gida ake kai masa. Rabon da a kawo wa Baba har na manta. Ba wanda ya soke al'adar, mantawa kawai aka yi, shi kuma ba zai tambaya ba. Na ga Sarkin Baka ya sunkuyar da kai yana gyara hular da ba ta karkace ba.

A hanya Baba yana riƙe da kafaɗata, sai da muka kusa gida ya ce, "Ka ga ba su yar da gurgunsu ba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Asabar, 25 ga Janairu

Ban yi barcin kirki ba. Shayin Furera ne, ta cika masa ganye.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Masu neman gafiya sun cinna wa ciyawa wuta ta yamma da rafi. Ina lambu na hango hayaƙi ya nufi wajen taura, na yar da fartanya na zura da gudu, takalmi ɗaya ma a hanya na baro shi. Rafin ne ya tare wutar, amma tartsatsi ya tsallaka. Na isa na tarar da Sadiq tsaye nesa kaɗan da karnukansa biyu a igiya, ya zuba wa reshen ido. Gashin zabon ya ƙone, ƙulli ɗaya ya cinye, ɗayan yana reto da ƙyar.

Ya ce, "Saura ƙiris, mai karnuka." Na ce ƙiris ɗin ma nawa ne. A gabansa na yanko ɗanyar gamba daga bakin ruwa na ɗaura sabo.

Don kada Sadiq ya ci rabona na yi gudun nan. Ba don komai ba.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Baƙi sun cika gari, ko'ina haushi da kiɗa. Makaɗin Dangora ya tare ni ya ce har ya shirya mini kirari, gobe kawai yake jira. Gabana ya faɗi, na ce murna ce. Furera ta shanya mini rigar layu. Husna ta zo, Sarkin Baka ya ce mace ba ta bin gayya, sai ta shige wajen Furera ta zauna tana taya ta ɓarar gyaɗa. Gaisuwa kawai ta haɗa mu.

Na je wa Baba sallama, ina jira ya ce yi ko bari. Ya ce, "Hannun da ya ƙulla shi ke kwancewa, Isa. Nawa ya daɗe da ajiye gora."

Asabar, 15 ga Fabrairu

Zan rubuta yadda aka yi, ko gobe in na ce ba haka ba ne in ga ƙaryata.

Aka tsayar da jama'a a tsallaken rafi, karnuka duk a igiya, kamar yadda ake yi. Ni da Sarkin Baka da manyan garuruwa muka tsallaka, Sadiq ya liƙe mana ba wanda ya gayyace shi. Makaɗa na can suna jiran in ɗaga gambar sama su saki kiɗa, a saki karnuka.

Manyan kyarketan sun fita farauta. Gurgun ne kaɗai a bakin ramin. Ya ji kiɗa, ya ji haushin karnukan gari-gari, yana da hanyar gudu ta bayan dutse. Bai gudu ba. Ya tsaya da ƙafa uku ya tare ƙofar, kunnuwa a miƙe, yana wani gurnani ƙasa-ƙasa. A bayansa na hango 'yan kawuna suna leƙe.

Na kai hannu reshen. Wallahi na kai. Na taɓa ƙullin, sai na ji ni na ƙara matse shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban kwance ba." Sarkin Baka ya ce bai ji ba. Na maimaita. Ya ce, "Ka san mutanen da na tara? Sai yaushe?" Na ce doka ba ta yanka wa mai ƙulli rana ba. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, na ce yau sai ya rufe ni da duka. Sai Sadiq ya ce in ni tsoro nake ji shi zai taya ni, ya miƙa hannu wajen reshen. Ban ma ga lokacin da gorar Sarki ta sauka a hannunsa ba. Ya ce, "A gabana? Ƙullin gidan Audu za ka taɓa ina raye?" Ya juyo ya dube ni kamar ya haɗiye ni, sannan ya ce da manyan garuruwan, "Mai abu ya hana. A juya yamma."

Da muka tsallako hannu wofi aka yi mini ihu. Makaɗin Dangora ya juya kirarin da ya shirya ya koma zambo: Isa Mai-ƙulli, ya tara gayya ya hana ta ci, uban kyarketai. Yara suka ɗauka. Ban bi su yamma ba. Na kamo Duna muka dawo gida ta bayan gari.

Husna ta taso za ta yi magana na ce don Allah ta ƙyale ni. Kunya nake ji, da haushi, da wani sanyi a ƙirji da ban san sunansa ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

A teburin mai shayi na yi sallama, amsar da na samu ba ta kai ta mutum biyu ba. Wani ya yi mini tsiwirwiri da baki.

Amma da hantsi sai ga wani dattijon mafarauci daga Dangora da karfatar mazo a nannaɗe cikin ganye. Ya durƙusa gaban Baba ya ce Sarkin Baka ne ya ce a kawo, kason manya ne, a yi haƙuri da jinkiri. Baba ya daɗe yana kallon naman kafin ya sa albarka. Furera ta yi farfesu, ya sha har da neman ƙari.

Talata, 25 ga Fabrairu

Na kai Duna allura. Tunda sunan ya riga ya ɓaci, me ya rage? Kuma yana yawan bina wajen rafi, ba na son a ce ta dalilinsa wani abu ya faru. Mafarauta suka jeru a inuwa suna jiran su ga hanci ya mutu. Muna dawowa gida ya wuce kai tsaye ɗakin Furera ya tono busasshen kifin da ta ɓoye a ƙarƙashin buhun masara, wanda ni kaina ban san da shi ba. Ihunta har makwabta. Zuwa la'asar na ga mutum huɗu sun nufi wajen masu allura, kowa yana jan karensa yana kallon gefe.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama, daji ya yi shiru. Na je na tarar da ramin wayam, sai wari da ƙasusuwa. Sawu ya nufi cikin gandu, manya a gaba, ƙanana birjik a tsakiya. Na bi ina dubawa har na samu wanda nake nema, ƙafa uku da jan ta huɗu. Yana cikinsu.

Na zauna a kan dutsen har rana ta yi zafi. Ya kamata in ji an sauke mini kaya. Kewa na ji.

Alhamis, 20 ga Maris

Wai Sadiq ya ga sawunsu a wani mashayi can wajen Doguwa, ya ɗaura nasa ƙullin. Yana ta faɗa a gari cewa shi ma ba yanzu zai kwance ba, a ga wanda zai fi daɗewa tsakanina da shi. Mutumin nan ko a lahira sai ya yi gasa da ni. Allah ya ba shi sa'a, ya ci.

Husna ta ce bayan Salla za su Dangora da Kafin Maiyaki su nuna hotunan, tana son in je in yi wa mafarauta bayanin ƙulli da bakina. Na ce ni ba malami ba ne. Amma da ma akwai wani kare da nake son dubawa a Dangora, in ta kama rana ɗaya shi ke nan.

Ta ce wani lokaci sukan dawo tsohon rami su sake haihuwa. Ba tabbas, in ji ta. Yau da safe na ga gambar bakin rafi ta yi kyau, na ce bari in je in sabunta na taurar, hannu ne kawai ya saba. Na sa gashin zabo a aljihu, na zo wucewa ta zaure. Baba yana jan carbi, bai ko ɗago ba ya ce, "Mai-ƙulli, a dawo lafiya." Ba da muryar zambo ya faɗa ba. Da muryar da makaɗa ke kiran nasa ya faɗa.

Na amsa ban juyo ba, don kada ya ga fuskata.